Ruwa kafin allura: fashin baƙi kan ruwan jiki, gishiri da ciwon sukari

Wata ranar bazara, bayan azahar, aka shigo mana da wani dattijo a nan asibitin Tawa, a Nijar, daga wani ƙauye da ke bayan Keita. Ɗansa da ƙanensa ne suka riƙo shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Idanu sun zurma, leɓɓa sun tsattsage, harshe ya bushe ƙamas kamar ƙirgi. Na kama fatar ƙirjinsa da yatsu biyu na ɗaga na saki, ta tsaya cak ba ta koma ba. Da na ɗiga jininsa a na'urar awon sukari ba ta ba ni lamba ba, haruffa biyu kawai ta nuna, alamar sukarin ya wuce iyakar da take iya aunawa.

Ɗan ya ce, "Likita, sukarin Baba ne ya hau. Don Allah ku yi mishi allurar nan ya sauka."

Na ce, "Za a yi, in Allah Ya so, amma ba da ita za mu fara ba. Yaushe rabon Baba da fitsari?"

Ya dubi ƙanen mahaifin nasa, sannan ya ce, "Ai sati biyu ke nan bai yi kwanan kirki ba sabili da fitsari. Amma tun jiya ya rage ƙwarai, har muka ce sauƙi ya zo."

Ba sauƙi ne ya zo ba. Ruwan da ƙoda za ta tace ne ya kusa ƙarewa. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma irin maganar wannan yaro na sha jin ta, daga dangin majinyata har daga ɗaliban da ake turo mana koyon aiki: ido yana kan lambar sukari, an manta da ruwa. Alhali mai ciwon sukarin da aka kawo a galabaice, abin da ke neman ransa a wannan sa'a bushewa ce da zubewar gishirin jiki. Sukari ne ya jawo, amma ba ta kansa ake fara gyara ba.

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne. Mai kilo 60 yana ɗauke da lita 36, kusan jarka ɗaya da rabi ta irin jarkunan nan masu lita 25 da ake ɗebo ruwa da su. Lita 24 suna cikin ƙwayoyin jiki, 12 suna wajensu, kuma cikin 12 ɗin wajen lita 3 ne kawai ruwan jinin da ke zagayawa a jijiyoyi. Jariri ya fi haka ruwa, kusan kashi 75, shi ya sa zawon yini ɗaya ke zurma masa maɗiga. Tsoho kuwa nasa wajen rabin nauyinsa ne, ga shi ƙishirwa ba ta cika tashinsa da wuri ba, sai ya bushe bai nemi ruwa ba.

Ruwan nan ba tsurarsa ba ne, akwai gishiri iri-iri narke a ciki. Biyu ne mai jinya ba ya rabuwa da sunansu. Sodiyom, wanda ke cikin gishirin miya, yana zaune a wajen ƙwayoyi, awonsa a jini tsakanin 135 da 145 ne, kuma shi ke riƙe ruwa a jijiyoyi. Potasiyom kuwa ɗan ciki ne: kashi 98 cikin 100 nasa yana cikin ƙwayoyi, ɗan abin da ke cikin jini tsakanin 3,5 da 5 yake, amma da wannan ɗan kaɗan ɗin zuciya ke daidaita bugunta, tsoka ke motsi, hanji ke tura abinci.

Duk macen da ta taɓa yanka albasar Galmi ta barbaɗa mata gishiri ta ajiye, ta san in ta dawo za ta tarar ruwa ya tsatso a gindin kwano, albasar ta yi laushi. Ko mangwaro ka yanka ka zuba wa sukari, haka zai yi. Ruwa yana bin inda abu ya fi kauri. To idan sukari ya taru a jini, jinin ne ya zama ɓangaren da ya fi kauri, sai ya riƙa zuƙo ruwa daga ƙwayoyin jiki, har da na ƙwaƙwalwa. Daga nan ruɗewa da yawan barci ke farawa.

Sai aikin ƙoda. A yini da kwana tana tace kimanin lita 180, ta mayar da kusan duka cikin jini, ta bar wajen lita ɗaya da rabi ya fita a fitsari. Sukarin da ya biyo ta ma mayar da shi take yi, muddin bai wuce giram 1,80 a kowace litar jini ba. Da ya haura nan, ƙarfinta ya ƙare, sai ya zube cikin fitsari, kuma ba ya fita shi kaɗai: yana jan ruwa, yana jan sodiyom, yana jan potasiyom. Wannan ne fitsarin da kiyashi ke taruwa a kansa a bayan ɗaki, wanda mutanenmu suka daɗe da sanin alamar ciwon sukari ce. Matuƙar mutum na iya shan ruwa yana maye abin da ya zuba, zai yi ta lallaɓawa. Ranar da masassara ta kwantar da shi, ko amai ya hana ruwa zama, ko gyambon ƙafa ya ruɓe, ranar ce lissafi ke karyewa. Ruwa ya ragu, ƙoda ta kasa zubar da sukarin, sukari ya ƙara hawa, jini ya ƙara kauri.

Mu kuma a Adar, wato yankin nan na Tawa, ga rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 42, kuma mai aiki a fili yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin sa'a ɗaya. Abubuwa biyu da ake yi a gida da kyakkyawar niyya suna ƙara rura wutar. Na farko, a rage wa marar lafiya ruwa wai don fitsari ya ragu ya samu barci. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ya yi haka. Ba ruwan da ya sha ne ke sa shi fitsari ba, sukari ne, hana shi ruwa kuwa tura shi suma ne. Na biyu, a ga ya raunana a dama masa fura da sukari, a sayo lemon kwalba, a haɗa shayi mai kauri don ya samu ƙarfi. Dattijon nan kwana huɗu ya yi ana ba shi lemo saboda shi kaɗai yake karɓa. Lita guda ta irin wannan lemo tana ɗauke da sukari kusan giram 100.

Rikicin yana zuwa ta fuska biyu. Ta tsofaffi masu nau'i na biyu na ciwon sukari, irin ta dattijonmu, a hankali take tafiya, kwanaki ko makonni, sukari ya haura giram 6 a litar jini, ruwan da aka rasa ya kai lita 6 zuwa 10. Ɗayar ta fi kama yara da matasa masu nau'i na farko, waɗanda jikinsu ba ya yin insulin sam, wato sinadarin nan da ake yin allurarsa don sukari ya sauka. Da yake sukari ba ya shiga ƙwayoyi sai da insulin, jiki sai ya koma ƙona kitse, ƙonar kitsen ta haifar da wani sinadari da ake kira asiton, jini ya yi tsami. Za ka ga yaro yana amai, yana riƙe ciki, yana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu alhali a kwance yake, bakinsa na tashin wari irin na ƴaƴan itacen da suka nuna suka wuce. Wani likitan Jamus, Kussmaul, ya bayyana wannan numfashi tun 1874, kuma da sunansa muke kiransa. Huhu ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin. Wannan fuska cikin yini ɗaya ko biyu take kai mutum ƙasa, kuma sau da yawa da ita ake fara gane cewa yaro yana da ciwon.

A duka biyun, ƙarin ruwa ne farko. Serom mai gishiri, wato ruwan leda da ake ɗaurawa ta jijiya, wanda ke da giram 9 na gishiri a lita, ko kuma irinsa da ake kira Ringer. Ga babba wanda zuciyarsa ke da lafiya, likita yakan sa lita guda ta shiga cikin sa'ar farko, sannan a sassauta, a biya sauran bashin a cikin yini ɗaya zuwa biyu. Ruwan shi kaɗai yana fara saukar da sukari, domin yana tsinka jini, yana tada ƙoda ta koma aiki. Da an fara da insulin a jikin da ya bushe, sukari zai shige ƙwayoyi ya ja ruwa ya bi shi, ɗan abin da ya rage a jijiyoyi ya ƙara raguwa, tansiyo, wato awon jini, ta faɗi. Abin da na yi wa ɗan dattijon bayani ke nan a tsaye, ina neman jijiya a hannun mahaifinsa, wadda sai a karo na biyu na samu saboda duk sun lafe.

Potasiyom shi ne ya fi ba ni tsoro, domin yana ruɗin mai awo. Ku ɗauki ƙwayoyin jiki a matsayin rumbunan gari, jini kuma kasuwa. A shekarar da buƙata ta matsa wa mutane, kowa ya buɗe rumbunsa ya kai hatsi kasuwa, baƙon da ya shigo ranar cin kasuwa zai ga hatsi jibge ya ce garin nan da wadata. Bai leƙa rumbu ba. Haka abin yake a nan. Rashin insulin da kaurin jini suna fito da potasiyom daga ƙwayoyi, ƙoda tana ta zubar da shi kwana da kwanaki, amma takardar awo ta nuna 4,5 ko ma 5,5, kamar babu komai. Da an sa insulin, sai ya kora potasiyom tare da sukari su koma ciki. Cikin ƴan sa'o'i kasuwa ta watse, awo ya faɗo ƙasa da 3, ƙafafu su mutu, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya riƙa tsallake. Mutumin da aka ga ya fara farfaɗowa da yamma ana iya rasa shi da asuba, dangi su kasa gane abin da ya faru tunda sukarin ya sauka.

Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce in potasiyom bai kai 3,3 ba a dakata da insulin har sai an ƙara shi. Sababbin ƙa'idoji ma sun ɗaga iyakar zuwa 3,5. Kuma ƙarin nasa yana da sharuɗɗan da ba a sassauta wa kowa. Ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya da sirinji, domin yana tsayar da zuciya nan take. Cikin serom ake zuba shi, a jujjuya ledar sosai don kada ya kwanta a ƙasa ya shiga a dunƙule, a rubuta a jikinta abin da aka sa da lokacin, a bar shi ya tafi a hankali. Sannan ba a sa shi sai an tabbatar majinyaci yana fitsari, domin ƙodar da ta tsaya ba ta da hanyar fitar da rarar, yawansa kuma kisa ne kamar ƙarancinsa. Ina gaya wa kowane ɗalibi ya karanta sunan da ke jikin ƴar kwalbar da babbar murya kafin ya fasa ta, saboda tana kama da ta ruwan haɗa allura. A ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara, inda babu awon gishirin jini, abin da ya dace shi ne a ɗaura ruwa, a rubuta abin da aka bayar da lokacinsa, a tura majinyaci babban asibiti ruwan na tafiya a hanya.

Insulin ɗin kansa, idan lokacinsa ya yi, ba a so ya faɗo da sukari da ƙarfi. Sukarin ya riƙa sauka da rabin giram zuwa kashi uku cikin huɗu na giram a litar jini a kowace sa'a, ya isa. Sannu ba ta hana zuwa. Saukar gaggawa tana sa ruwa ya ruga cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta kumbura, musamman ga yara. Yaron da ake wa ƙarin ruwa ya fara kukan ciwon kai, ko amai ya dawo, ko ya koma barci mai nauyi bayan ya farka, a kira likita a lokacin. Akwai kuma abin da ke tada hankalin dangi: idan sukari ya sauko wajen giram 2,50, sai su ga an rataya serom mai sukari. Ba kuskure ba ne. Asiton bai gama fita ba, dole insulin ya ci gaba, ana ba da sukarin ne don kada ya faɗi ƙasa kafin aikin ya kammala.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun. Yawancin gadajenmu babu injin tura ruwa, da ɗigo muke lissafi. A robar manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya. In aka ce ledar mililita 500 ta shiga cikin sa'a 4, sai ka ninka sa'o'in sau uku, ka raba 500 da 12, ka samu ɗigo 42 a minti. Ka tsaya da agogo ka ƙirga, ka dawo bayan rabin sa'a ka sake ƙirgawa, domin da majinyaci ya lanƙwasa hannu tafiyar ta canza. Wani lokaci kuma ɗan uwa ne ke murɗa makunnin don ruwa ya ƙare da wuri. Tsohon da zuciyarsa ta gaji, in ruwa ya yi masa yawa huhu yake tafiya: tari ya taso, jijiyoyin wuya su cika, ya kasa kwanciya sai a zaune.

Abin da ke fita ma sai an auna. Mafi ƙarancin fitsarin da ke nuna ƙoda na aiki shi ne rabin mililita ga kowane kilo a sa'a, wato mililita 30 ga mai kilo 60. Ma'aikaci ɗaya a ɗaki cike da gadaje ba zai iya bin wannan shi kaɗai ba, don haka nake jawo masu jinya cikin aikin. Na ba ɗan dattijon robar ruwa ta lita ɗaya da rabi da na yanke wa baki na yi wa zane-zane, na ce duk fitsarin Baba a nan za a juye, a kira ni in gani kafin a zubar. Na ba shi kofi guda, na ce in ya farfaɗo ya fara sha, duk kofin da ya shanye ka jefa tsakuwa ɗaya a wannan kwano. Wajen ƙarfe tara na dare ya zo ya same ni da sauri, robar a hannunsa, fitsari ya kai zane na biyu, mai duhu kamar shayin farko. A fuskarsa na ga ya gane abin da muke jira tun rana.

Akwai kishiyar wannan hali, kuma wajibi ne kowane gida mai ciwon sukari ya iya bambanta su. Hawan sukari yana zuwa cikin kwanaki, jiki a bushe. Faɗuwarsa, ƙasa da giram 0,70, cikin mintoci take zuwa, jiki a jiƙe: zufa mai sanyi, karkarwa, yunwa, bugun ƙirji, mutum ya riƙa magana ba kan gado ko faɗa ba dalili, har a ce iska ce ta taɓa shi. Tana kama wanda ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayar rage sukari irin Daonil bai ci abinci ba, tana kuma zuwa da masassarar cizon sauro mai tsanani da maganin kinin. In yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari uku a ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a sake, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatu, a nufi asibiti. Wanda Daonil ya kayar, ko ya farka a kai shi, domin maganin yana daɗewa a jiki, yana iya sake kayar da shi cikin dare. In babu na'ura kuma an rasa gane wanne ne, a ba da sukarin: ƙwaya uku ba za su ƙara wa mai hawa wani abin kirki ba, amma suna ceton mai faɗuwa.

Ranar da mai ciwon sukari ya kwanta da zawo ko amai, ruwan gishiri da sukari na asibiti ya halatta gare shi. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba a rabi ba. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2002 sukarinsa giram 13,5 ne kawai a lita, kuma da shi hanji ke jan gishiri da ruwa. Akwai potasiyom a ciki, wanda babu a haɗin gida. Kurɓi-kurɓi ake sha, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai shan maganin sukarin nan metformin, wanda aka fi sani da Glucophage, ya dakata da shi har ruwa ya dawo jikinsa, ya kuma nemi ma'aikacin lafiya. Mai nau'i na farko kuwa ba ya barin insulin ko da bai ci komai ba, sai dai likita ya gyara masa adadi. Barin allurar insulin a ranar ciwo ne ke kawo mana yawancin matasan da ke zuwa da wancan numfashi. A ajiye ta a firji ba cikin ƙanƙara ba, in babu firji a sa ta a gwangwani mai murfi a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa.

Ga azumi kuma, wanda a 2021 da 2022 ya faɗo mana a tsakiyar zafin Afrilu. Mai niyyar ɗauka ya ga likitansa tun kafin wata ya kama, a gyara masa lokutan magani. Awon sukari da yatsa ba ya karya azumi. In ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3, ko jiri da ruɗewa suka zo, a sha ruwa ko saura minti goma a kira magariba. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, malamanmu kuma suna faɗar haka a wa'azi.

Dattijon ya buɗe ido da hantsin washegari. Na ce, "Baba, ina kwana? Kun gane ni?" Ya ce bai san ni ba, amma ya san wancan ɗansa ne, kuma yana jin ƙishirwa. A rana ta uku tsakuwa goma sha ɗaya na ƙirga a kwanon. Gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsansa na ƙafa, wanda ƙaya ta yi masa a gona bai ji ba, shi ne ya tada rikicin tun farko, kuma shi ya riƙe su a wurinmu har kwana goma sha biyu ana wankin gyambon. Ranar sallama ɗan ya tambaye ni ko Baba zai iya shan fura. Na ce ƙaramin kwano, da nono, ba sukari, kuma randa ta kasance kusa da shimfiɗarsa dare da rana. Ya ɗaure robar nan mai zane a cikin kayansu ya tafi da ita gida.